WASIƘAR MATAFIYI: Wa Ke Cin Kuɗin Tabarmar Caca?

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, in amsa wata tambaya da wani malamin makaranta na ƙasar Bakori ya aiko mini tun ba a fara yankan dawa ba. Ya ce manyan yaran ajinsa sun dame shi da labarin wata kartar Turawa da a ke kira foka, wadda su ke kallo a wayoyinsu. Wai akwai mutane a Amurka waɗanda ba su da wata sana'a sai bin gari gari suna shiga gasar wannan karta, suna kwasar miliyoyin dala. Yaran suka ce masa ai wannan ba caca ba ce, gwaninta ce kamar dara. Shi kuwa ya rasa amsar da zai ba su ban da ya ce haramun ne, alhali kuwa sun riga sun san haka, sha'awar ba ta fita daga ransu ba.

To, hukuncin caca ba ni zan koya wa malamai ba, gama yana nan a Suratul Baƙara da Suratul Ma'ida, sun fi ni sanin wurin. Abin da na kawo yau lissafi ne kurum, irin wanda akawu da malamin awo su ke yi kullum. Tambaya ɗaya za mu bi: in mutane suka zauna caca da kuɗinsu, gari ya waye, aljihun wa kuɗin nan su ke kwana?

Mu fara da gida, don bin gari gari da karta ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Kowa ya san arzikin ƙasar Maska da ƙasar Galadima noma ne. Kamfanin auduga na B.C.G.A., wanda aka kafa a birnin Manchesta ta Ingila a 1902, ya dasa injin gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, aka kuma yi gonar iri a Daudawa. Hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta ratsa Funtuwa da Gusau, ta isa Ƙauran Namoda a 1929. Daga nan kasuwar kaɗa ta zama ita ce sallar talaka ta uku. Mutum ya sha wahalar damina wata biyar ko shida, sa'an nan a yini guda a aza audugarsa bisa sikeli, a ƙirga masa kuɗin shekara duka a tafin hannu. Duk inda kuɗi suka taru haka kuwa, masu binsu ba su rasuwa. Makaɗa na zuwa, 'yan koli na zuwa, masu tsire da masu tuwo-tuwo na zuwa, a bayansu kuma ga 'yan caca da tabarmarsu. Da can da wuri a ke yi, daga baya karta ta shigo ta kore shi. Ga kuma 'yan wala-wala a bakin tasha, masu juya karta uku su ce ka nuna inda ja ta ke.

A 1986 gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, kasuwar kaɗa irin ta dā ta watse. Amma kaka ba ta fasa zuwa ba. Yanzu masara ce da waken suya da dawa da shinkafa su ke cika kasuwannin Dandume da Funtuwa da Bakori da Ɗanja da Ƙafur, manyan motoci na ɗiba zuwa Kano da Ikko. Masu tabarma kuwa har yau suna biye da ranakun kasuwa kamar yadda balbela ke bin shanu. Abu biyu ma sun ƙara musu kasuwa. Na ɗaya, a shekarun nan tsoron 'yan bindiga ya hana tafiyar dare a wajejen Faskari da Sabuwa da Dandume, saboda haka inda magariba ta riski mutum nan ya ke kwana, da kuɗi a jikinsa, ba shi da abin yi. Na biyu, dā in aljihu ya ƙare wasa ya ƙare, amma yanzu akwai waya. Sai a ce maka, "Ba komi, tura ta asusu."

Bari in ba ku abin da na gani da idona wata kaka. Motarmu ta lalace, muka kwana a wani masauki kusa da wata kasuwar hatsi. Akwai wani saurayi a cikinmu, yaron wani attajiri ne, an aiko shi awon masara da kuɗin ubangidansa. Bayan lisha sai ga mutum uku sun shimfiɗa tabarma a zaure, kowa ya shigo da nasa lokaci, suna gaisawa kamar ba su taɓa ganin juna ba. Suka fara wot a kan kuɗin goro, suka ce wa saurayin, "Samari, matso mana, ai dare na da tsawo." Ya zauna, ya ci, ya sake ci, har ya fara yi musu dariya. Can sai babban cikinsu ya yi miƙa ya ce wannan wasan yara ne, a sake wani. Ya faɗi ƙa'idar sabon wasan da sauri sau ɗaya, saurayi ya ji kunyar ya ce bai gane ba. Na taɓa shi na ce, "Ɗana, tashi ka kwanta, gobe akwai aiki." Ya ce, "Baba, bari in mai da abin da ya fita tukuna." Da asuba na same shi zaune a bakin rijiya ya haɗa kai da gwiwa. Kuɗin buhu arba'in aka ba shi, abin da ya rage bai isa goma ba. Mutanen uku kuwa na gan su da hantsi a mota guda, suna raba ƙosai a takarda ɗaya. Ashe da ɗan gari a kan ci gari.

Ku riƙe abu uku daga wannan labari: baƙunci, da sauya wasa, da neman fansar abin da ya tafi. Za mu sake gamuwa da su a Amurka, sai dai can sun sa kwat.

Ga yadda abin ya ke a can. Akwai wata jiha mai hamada da a ke kira Nebada, wadda ta halatta caca a dokarta a 1931, babban garin cacarta kuwa shi ne Las Begas. Kafin gasa ta kafu, gwanayen foka matafiya ne, suna yawo a ƙauyuka da garuruwan jihar Tekzas suna neman inda masu shanu da masu man fetur su ke wasa a ɓoye. A cikinsu akwai Doyle Brunson da Amarillo Slim da Sailor Roberts, waɗanda suka haɗa jari guda suna tafiya tare. 'Yan fashi sun tare su, 'yan sanda sun kama su, da suka je Las Begas da jarin nan kuwa can suka bar shi. A 1970 wani mai gidan caca, Benny Binion, ya tara 'yan tsirarun gwanayen nan a gidansa, suka yi kwanaki suna wasa, sa'an nan suka zaɓi Johnny Moss a kan shi ne gwaninsu. Wannan shi ne mafarin gasar foka ta duniya. Tun daga 1972 kuɗin shiga babbar gasar dala 10,000 ne.

Yadda a ke gasar kuwa, kowa ya biya kuɗin shiga sai a ba shi waɗansu ƙwandaloli na wasa daidai da na kowa. A irin fokar da aka fi yi, kartar guda 52 ce, a ba kowa biyu a rufe, a buɗe biyar a tsakiya a hankali, ana zuba ƙwandala tsakanin buɗewa da buɗewa. Wanda ya haɗa biyar mafi daraja shi ya ci, ko kuwa wanda ya tsorata sauran da yawan zubi har suka janye. Akwai zubin dole da ke ƙaruwa lokaci lokaci, don kada wani ya zauna yana jira. Wanda ƙwandalolinsa suka ƙare ya fita, har a rage mutum ɗaya.

Labarin da ya ruɗi duniya, wanda na tabbata shi ne irin wanda ya ruɗi yaran Bakori, na wani akawu ne, ɗan'uwanku a sana'a, mai suna Chris Moneymaker, mutumin jihar Tenesi. A 2003 ya shiga wata ƙaramar gasa ta intanet da abin da bai kai dala 100 ba, ya sami kujera a babbar gasa, ya kada mutum 838, ya tafi da dala miliyan biyu da rabi. Da labari ya bazu, kowane akawu ya ce shi ma zai iya. Masu shiga suka tashi daga 839 a 2003 zuwa 2,576 a 2004, zuwa 8,773 a 2006. Sunan mutum ɗayan nan kowa ya ji shi. Sauran dubban da suka biya kuɗin da aka tara masa da magadansa, wa ya san sunansu?

To, jama'a, ku ɗauko alƙalami. A gasar 2024 mutum 10,112 suka shiga, kowa da dala 10,000. Jimla dala 101,120,000 ke nan. Abin da aka raba wa masu ci dala 94,041,600 ne. Ina sauran dala 7,078,400? Gidan caca da ma'aikatansa sun cire tun ba a raba karta ko ɗaya ba, watau dala 700 a kan kowane mutum. Wanda ya zo na ɗaya, Jonathan Tamayo, ya ɗauki dala miliyan 10. Waɗanda suka sami wani abu, babba ko ƙarami, su 1,517 ne. Saura 8,595 sun koma gida hannu rabbana. Ashe cikin kowane mutum ɗari, tamanin da biyar sun yi asarar kuɗinsu ƙurmus. Mutum ɗaya ne tak a wurin nan wanda ya san ribarsa tun kafin a fara, shi ne mai gida. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada wani ya ce wannan lissafin Turawa ne. Mu kawo shi kan tabarmarmu. A ce mutum shida suka zauna, kowa da naira 50,000, jimla naira 300,000. A ce kowane zagaye a kan tara naira 20,000 a tsakiya, mai tabarma kuwa yana cire la'adarsa ɗaya cikin ashirin, watau abin da iyayenmu za su ce sule guda a fam. Naira 1,000 ke nan a zagaye, ba wanda zai ko ɗaga kai saboda ita. Amma in aka yi zagaye ɗari kafin asuba, ya kwashe naira 100,000, sulusin dukan kuɗin da aka zo da su. In suka dawo dare uku a jere da kuɗin nan dai, ba sauran ko kwabo a hannun su shidan. Wannan fa ko da ba a yi maguɗi ko kaɗan ba. Dalili kuwa a fili ya ke. Manomi ya zuba tiya guda a ƙasa ya kwashe buhuna, ɗan kasuwa ya kai masara inda babu ya sami riba, mai saye kuma ya sami tuwo. Tabarma kuwa ba ta haihuwa. Abin da aka zo da shi shi ne ke kewayawa, kowane kewaye kuma yana raguwa.

Sai mu zo ga maganar yaran, cewa gwaninta ce. Ba zan ɓoye gaskiya ba, akwai gwaninta a foka, akwai kuma 'yan kaɗan da suka ci abinci da ita shekara da shekaru. Brunson ɗin nan ya ci babbar gasa a 1976 da 1977, ya rayu har 2023. Amma a tambaya, daga ina abincin gwani ya ke fitowa? Daga aljihun wanda bai kai shi ba. In babu sabon shiga, gwani ba shi da abin ci. Saboda haka duk wanda ya ce maka zo ka koya a kan kuɗi, ba almajiri ya ke nema ba, tuwo ya ke nema. Bayan haka, dara ba ta da rufaffen abu, duk 'ya'yan suna gabanka, in ka fi mutum za ka cinye shi yau da gobe. Foka ba haka ta ke ba. Karta biyu mafi ƙarfi da a ke iya ba mutum ba su zuwa sai sau ɗaya cikin rabo 221, kuma ko sun zo, in abokin karawa na riƙe da waɗansu tagwaye ƙanana, kusan sau ɗaya cikin biyar shi zai ci. Don haka gwani na iya shiga gasa ashirin ko talatin a jere bai sami komi ba. Shi ya sa da yawansu ba da kuɗinsu su ke shiga ba, masu jari ke biya musu, in an ci a raba. Kuɗin da a ke nunawa a hoto, sau da yawa rabinsu ko fiye na wani ne.

Game da sauya wasa kuwa, Turawa har suna suka ba shi. Akwai gasar da a ke haɗa irin foka biyar, ana juyawa daga wannan zuwa wancan, suna kiranta H.O.R.S.E., haruffan farkon sunayen wasannin ne, in an haɗa su kuma su ba da sunan doki a Turance. A wani wasan babbar karta ke ci, a na gaba ƙarama ke ci, a wani kuma a raba kuɗin biyu tsakanin babba da ƙarama. A wani karta biyu a ke ba ka, a wani huɗu, a wani bakwai. A 2006 aka fara yin irinta da kuɗin shiga dala 50,000, mutum 143 suka shiga, Chip Reese ya ci bayan ya yi fiye da awa bakwai yana karawa da mutum na ƙarshe. Me ya sa manyan gwanaye su ke son wannan haɗe-haɗe? Don mutum na iya ƙwarewa a wasa ɗaya, amma da wuya ya ƙware a biyar, su kuwa jira su ke a zo kan wanda ba ka iya ba. To, ina bambancin wannan da abin da babban mutumin nan ya yi wa saurayinmu a zaure? Bambancin kurum shi ne can an rubuta ƙa'ida a takarda, nan kuwa ƙa'idar tana bakin wanda zai cinye ka.

Sa'an nan ga kuɗin tafiya, wanda ba a sa shi a hoto. Mai bin gasa daga Las Begas zuwa Monte Karlo zuwa wani gari, shi ke biyan jirgi da masauki da abinci, ko ya ci ko bai ci ba. In baƙo ne a Amurka, ƙasarsa kuma ba ta da yarjejeniyar haraji da su, a kan cire kashi 30 cikin 100 na abin da ya ci kafin ya taɓa. Ga gajiya, ga rashin barci, ga kaɗaici, ba matarsa kusa, ba wansa, ba wanda zai ce masa ya isa. Haka nan ɗan kasuwarmu a masauki. A garinsu ba zai yarda a gan shi a bakin tabarma ba, don kunyar surukai da liman. A baƙon wuri kuwa sai Shaiɗan ya ce masa ba wanda ya san ka. Alhali rashin sanin nan shi ne makamin da za a yanka shi da shi.

In kuwa ana son a ga ƙarshen gwaninta in ba ta da linzami, a dubi Stu Ungar, wanda da yawa su ke cewa ba a taɓa yin mai kaifin kai irinsa a karta ba. Ya ci babbar gasa sau uku, a 1980 da 1981 da 1997. Miliyoyin dala sun ratsa hannunsa, amma abin da ya ci a karta sai ya kai wa cacar dawaki da ta wasanni da miyagun ƙwayoyi. A 1997 ma wani ne ya biya masa kuɗin shiga, suka raba dala miliyan ɗayan da ya ci. A watan Nuwamba na 1998 aka same shi ya mutu a wani ɗan ƙaramin masauki a Las Begas, yana da shekara 45, ba shi da komi sai 'yan ɗaruruwan dala a aljihu. In wannan ne rabon sarkin gwanaye, ina rabon yaron da ya koya a waya?

Wajen doka kuma, kada a ruɗe da cewa akwai gidajen caca a waɗansu manyan otel-otel na Ikko da Abuja. Dokar laifuffuka ta Arewa, wadda a ke kira Finalkot, da ta fara aiki a 1960, ta hana buɗe gidan caca. Jihar Katsina kuma ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekara ta 2000. A watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke cewa sha'anin caca na jihohi ne, ba na gwamnatin tarayya ba. Saboda haka wanda aka cuta a tabarma a ƙasar nan ba shi da inda zai kai ƙara ba tare da ya tona wa kansa asiri ba. 'Yan caca sun san haka sarai, shi ya sa ba su gudu, sai su yi tafiyarsu a hankali.

Ga roƙona, kashi uku. Na farko ga malaman makaranta, har da mai tambaya: ku sa lissafin tabarman nan a allo, ranar darasin kashi cikin ɗari. Ku bar yaran su buga da kansu, su gano dare nawa mai tabarma zai yi kafin ya kwashe duka. Abin da yaro ya gano da alƙalaminsa ya fi zama a kansa bisa abin da aka faɗa masa da tsawa. Na biyu ga akawuna da yaran attajirai da masu riƙe kuɗin ƙungiyar manoma: kuɗin da ke jikinku a hanya amana ce, ba naku ba ne ko na dare ɗaya. In an ce ku matso, ku ce barci ku ke ji. In kun riga kun zauna aka ce a sauya wasa, to, ku sani an gama auna ku ne, ku tashi. In wani abu ya riga ya fita, ku bar shi ya tafi, gama garin neman gira a kan rasa ido. Na uku ga manoma, ta bakinku ku masu karatu, tun da ba dukansu wannan takarda za ta isa gare su ba: ranar da aka sayar da amfani, a biya bashin taki da na 'yan ƙwadago tun rana ba ta faɗi ba, a ware na iri da na makarantar yara, a danƙa sauran ga wani amintacce ko a kai banki, kada a kwana da su a kasuwa. Masu unguwanni da sarakunan kasuwa da na tasha kuma sun san zaurukan da a ke shimfiɗa tabarman nan, ba sai an nuna musu ba.

Saurayin nan da na ba ku labari, na sake ganinsa bayan shekara biyu yana dako a wata kasuwa. Ya gane ni, ya sunkuyar da kai, ya ce har yanzu yana biyan ubangidansa da kaɗan kaɗan, gonar gadonsu ma tana jingina. Na tambaye shi ko ya sake ganin mutanen. Ya ce yana ganinsu kowace kaka, sun yi ƙiba.

Allah ya ba mu kaka mai albarka, ya tsare mana abin da muka sha rana muka tara. In mai tambaya ya gwada lissafin nan a ajinsa, ina so ya rubuto ya gaya mana abin da yaran suka ce. Haza wasalam.

Ni ne naku,
Matafiyi,
Funtuwa.